Katin Nutso a Kwana Huɗu

A garuruwan shaƙatawa na gaɓar Bahar Maliya, irin su Hurgada, Sharm El-Shaikh da Dahab a ƙasar Masar, mutumin da bai taɓa goya tukunyar iska ba zai iya shiga shagon masu koyar da nutso ranar Litinin, ranar Alhamis da yamma ya fito da kati. Katin nan yana cewa mai shi ya isa ya yi hayar kayan nutso a kusan kowace ƙasa ta duniya, ya sauka shi da abokinsa har zurfin mita 18, ba malami, ba mai sa ido. Ba shi kuma da ranar ƙarewa. Wanda ya karɓa yana ɗan shekara 20, in ya ga dama ya jefa shi a durowa, ya zaro shi yana ɗan shekara 50, yana nan da ƙarfinsa.

Shekara da shekaru ke nan masu sana'ar na kai ruwa rana a kan wannan kati. Tsofaffin hannu na cewa an tsinka horon, ana yaye mutanen da ba su isa yaye ba. Kamfanonin da ke bayar da katin na cewa kayan aiki sun inganta, wahalar da aka sha a da ba ta da sauran amfani. Zancen ya iso gare mu. Mutanenmu masu zuwa hutu Masar, Zanzibar ko Dubai, da mazauna Jidda da Port Sudan, kullum suna wucewa ta gaban irin waɗannan shaguna, hotunan kifaye masu launi na kiransu. Kafin mutum ya zaro kuɗi, gara ya san abin da katin yake shaida da abin da ya yi shiru a kai.

Dukan dokokin nutso daga abin da ruwa ke yi wa jiki suka fito. Tukunyar da mai nutso ke goyawa, iskar nan da muke shaƙa ce aka matse a ciki. Da yawa suna zaton oksijin ne zalla, alhali oksijin zalla guba yake zama da zarar an wuce kimanin mita 6, yana iya jefa mutum cikin farfaɗiya a ƙarƙashin ruwa. Shi kuma ruwa nauyi gare shi. Duk mita 10 da ka sauka, matsin da ke kanka na ƙaruwa da kwatankwacin nauyin dukan iskar sararin samaniya. A mita 10 ya ninka biyu, a mita 30 ya ninka huɗu. Abin shaƙar da ke bakinka yana ba ka iska daidai da matsin wurin da kake, saboda haka numfashi ɗaya a mita 10 yana ɗauke da iska ninki biyu na numfashin tudu. In ka cika huhu a can, ka riƙe, ka yi sama, iskar za ta kumbura. Huhu ba ya yin kashedi da zafi kafin ya yage. Kumfa ta shiga jini, ta tafi ƙwaƙwalwa, cikin 'yan mintoci mutum ya shanye ko ya cika. Ba sai a teku ba, tashin mita ɗaya da ɗan wani abu a kwamin ninƙaya ya isa.

Shi ya sa doka ta farko ita ce kada ka taɓa riƙe numfashi. Matsalar ita ce wannan doka ta saɓa wa halittar ɗan Adam. Duk wanda ya firgita a cikin ruwa, abin da jikinsa ke umartarsa shi ne ya kama numfashi ya nemi sama da gudu. Basarken da ke nutso a Kogin Neja haka yake yi, kuma lafiya lau yake fitowa, don a tudu ya shaƙi iskarsa. Ga mai tukunya, wannan ɗabi'ar ce ajali. Aikin horo ke nan: a sauya wa mutum abin da jikinsa ke yi a lokacin da tunani ya gudu. Ilimin nutso na takarda bai fi a karance shi cikin kwana biyu ba. Natsuwa kuwa sai an maimaita, an sake maimaitawa, kuma kowa da nasa adadin.

Akwai kuma naitirojin, wanda shi ne kusan kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. A ƙarƙashin matsi yana narkewa cikin jini da tsoka. In aka taso a hankali zai fita ta numfashi, in aka yi gaggawa sai ya zama kumfa a cikin jiki: ciwon gaɓoɓi, kasala, jiri, wani lokaci ya taɓa laka ƙafafu su mutu. Tun 1908 wani masani ɗan Birtaniya, John Scott Haldane, ya fitar da jadawalin tasowa daki-daki, kuma a kan harsashinsa aka gina lissafin da kwamfutocin hannu ke yi yau. Daga nan aka samo ƙa'idar kada saurin tasowa ya wuce mita 18 a minti, kwamfutoci da dama ma a kusan rabin haka suke tsayawa, da al'adar dakatawa minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. 'Yan Najeriya sun ga misalin wannan a watan Mayun 2013, lokacin da jirgin ruwan Jascon-4 ya kife a tekun da ke gaban Eskrabos. Kukun jirgin, Harrison Okene, ya yi kusan kwana uku a cikin wani ɗan lungu mai iska a zurfin mita 30. Da masu nutso suka same shi da rai ba su fito da shi kai tsaye ba, don jikinsa ya riga ya jiƙu da naitirojin. Sai da ya ƙara fiye da kwana biyu a ɗakin matsi ana sassauta masa a hankali kafin ya ga rana. Bayan wannan, daga wajen mita 30 naitirojin na sa wani irin maye, mutum ya ji daɗi, lissafinsa ya yi rauni, a daidai zurfin da iskarsa ke ƙarewa ninki huɗu.

A 1943 ne Jacques Cousteau, hafsan sojan ruwan Faransa, da injiniya Émile Gagnan suka ƙera abin shaƙar da ya buɗe wa talaka ƙofar teku. Shekarun farko babu wani horo, saya kake yi a kanti ka karanta 'yar takardar da ke cikin kwali. Da gawarwaki suka fara yawa sai aka farga. An kafa ƙungiyar BSAC a Birtaniya a 1953, gundumar Los Anjeles a Amurka ta fara shirin horo a 1954, aka kafa CMAS a Monako a 1959 Cousteau na shugabanta, sai NAUI a 1960, PADI a 1966, SSI a 1970. Malaman farko da yawansu daga sojan ruwa suka fito, kuma horon soja suka kawo. Kwas na makonni ne. A jefa kayanka a ƙasan kwami a ce ka nutsa ka sa su a can. Kana cikin iyo malami ya zagayo ta baya ya rufe maka iska, ko ya fizge maka gilashin fuska, a ga yadda za ka yi. A kwas ɗin malamai na farko da NAUI ta yi a Houston a 1960, mutum 72 suka shiga, 53 suka fita da shaida.

Masu kewar wancan zamani sukan manta dalilin tsananin. A lokacin yawanci babu agogon da ke nuna sauran iska, sai ka ji numfashi ya yi nauyi ka ja wani ɗan ƙarfe a bayan tukunya ya sakar maka ragowar. Babu rigar iskar da ake hurawa don daidaita nauyi, ƙarfin ƙafa ne kawai. In iskar abokinka ta ƙare, abin shaƙa ɗaya za ku riƙa karɓa-karɓa har sama. Yau kowa na da abin shaƙa na biyu, da agogo, da riga, da kwamfuta a wuyan hannu. Wani ɓangare na tsohon horon ma nuna isa ne kawai, ya kori dubban mutanen da da sun zama gwanaye. PADI ce ta fi kowa karya wannan shinge: ta yanka kwas ƙanana-ƙanana, ta ce a auna ɗalibi da abin da ya iya yi maimakon yawan sa'o'in da ya zauna. Mata, dattawa, naƙasassu da yara tun daga shekara 10 suka samu shiga. Ni a ganina wannan alheri ne, kuma duk mai sukar horon zamani ya kamata ya fara amincewa da shi. Amma a nan ne kuma aka buɗe ƙofar da ba ta rufuwa, don in ba a ƙayyade sa'o'i ba, kasuwa ce za ta ƙayyade su.

Ga abin da ƙa'idar PADI ta tanada a kwas na farko, kuma na sauran manyan ƙungiyoyi bai yi nisa da shi ba. Ɗalibi ya yi ninƙayar mita 200 ba tsayawa, ko mita 300 da gilashi da bututu da takalman iyo, ya kuma zauna a saman ruwa minti 10. Ya yi karatu, wanda yanzu galibi ta intanet ake yi a waya. Ya yi darasi 5 a kwami ko ruwa mara zurfi, sannan nutso 4 a teku ko tafki. Malami ɗaya na iya riƙe ɗalibai har 8 a buɗaɗɗen ruwa. Hukumar ma'auni ta duniya, ISO, tana da nata tsarin mai lamba 24801, wanda ya kasa masu nutso mataki uku: mai buƙatar jagora har mita 12, mai cin gashin kansa har mita 20, da jagora. Shi ma nutso 4 ya gindaya wa mataki na biyu. In shago ya liƙa takarda cewa kwas ɗinsa ya cika ma'aunin duniya, ba ƙarya ya yi ba. Abin da bai faɗa ba shi ne ma'aunin nan mafi ƙarancin abin da za a yarda da shi ne, kuma da hannun ƙungiyoyin horon a rubuta shi.

Mutum zai iya ɗaukar katin kamar lasisin tuƙi, amma akwai bambanci. Lasisi gwamnati ke bayarwa, ana sabunta shi, kuma ko da a takarda ne, mai jarrabawa daban mai koyarwa daban. Katin nutso kamfani ko ƙungiya mai zaman kanta ke bayarwa, malamin da ya koyar da kai shi ne ya jarraba ka, shi ne ya sa hannu. PADI kasuwanci ce tsantsa: ta fitar da kati fiye da miliyan 25, kuma a 2017 an ruwaito masu zuba jari sun saye ta kan sama da dala miliyan 700. Kuɗinta na shigowa ta kowane kati, kowane littafi da kuɗin shekarar kowane malami. Ba ina nufin ba ta bin diddigi ba. Tana aika wa ɗalibai tambayoyi bayan kwas, tana korar malaman da aka kama, har da wallafa sunayensu. Sai dai babu wakilinta a ƙarƙashin ruwa ranar da ake jarraba ka, ɗalibin da ake tambaya kuwa bai san abin da aka tsallake masa ba. Ƙasashe kaɗan ne gwamnati ta sa baki. Faransa ta sa nutso cikin dokar wasanninta, Birtaniya na kallon malamin da ake biya a matsayin ma'aikaci ƙarƙashin dokar 1997, Masar na da hukumar CDWS da ke duba shaguna kafin lasisi. A mafi yawan wurare masu sana'ar ke sa wa kansu ido.

A duba darasi guda a ga yadda ƙa'ida ɗaya ke haifar da ɗalibi biyu. Ana son ka cire gilashin fuskarka a ƙarƙashin ruwa, ka ci gaba da numfashi, ka mayar da shi, ka danne samansa da yatsu, ka ɗaga kai, ka fesa iska ta hanci har ruwan ya fita. Da jin bayani abu ne mai sauƙi. Amma da zarar ruwan gishiri ya taɓa hanci, idanu sun rufe, maƙogwaro kan so ya kulle. Ɗalibi zai ɗan shaƙi ruwa, ya yi tari a cikin abin shaƙa, hannuwa na rawa, ƙafafu sun fara neman sama. Malami ya riƙe masa riga ya zuba masa ido. Da ƙyar da siɗin goshi ya maida gilashin, ya buɗe jajayen idanu, ya haɗa babban yatsa da manuni alamar lafiya. Ƙa'ida ta ce sai ɗalibi ya yi shi cikin natsuwa, ba tangarɗa, kuma ya iya maimaitawa. Wa zai yanke hukuncin ya kai? Malamin nan ne, wanda wasu bakwai ke durƙushe suna jiransa, sanyi ya fara kama su, jirgi kuma zai tashi ƙarfe huɗu. Wani malamin zai miƙa hannu su gaisa, ya yi alama a allonsa, a wuce. Wani zai ce gobe mu koma kwami, sai ka yi shi sau goma, sai ka yi shi kana tafiya, sai ka yi shi ba ka shirya ba. Kati iri ɗaya za a buga wa ɗaliban biyu.

Durƙuson da na ambata ma abin dubawa ne. Hanya mafi sauƙi ta riƙe mutum 8 a wuri ɗaya ita ce a ɗaura musu darma fiye da kima, su nutse su kafa gwiwa a kan yashi. Malami ya huta, amma ɗalibi ya koyi komai a yanayin da ba zai sake samun kansa a ciki ba. A nutson gaske babu inda za ka durƙusa, ko murjani ne a ƙasa wanda taɓa shi ɓarna ce, ko rami ne mai zurfin da ba a gani. Gwanintar da ta fi kowace wuya ita ce mutum ya tsaya cak a tsakiyar ruwa, kwance, ba ya sauka ba ya tashi, yana sarrafa kansa da numfashi. A kwas na farko abin da ake nema a kwami shi ne daƙiƙa 30. Wanda ya saba da darma mai yawa zai yi ta hura riga don ya rama nauyin, ya ɗan taso iskar rigar ta kumbura ta fizge shi sama, ya sace ta ya faɗo. Yana tafiya a tsaye yana harbin ruwa, yana haki, iskarsa na ƙarewa da wuri. Cikin 'yan shekarun nan ƙungiyoyin sun fara ƙarfafa a koyar da darussa ɗalibi na lilo a tsakiyar ruwa, malamai da dama sun rungumi haka, amma har gobe za ka ga layin masu durƙuso a bakin teku.

Shi kansa malamin nawa ya sani? A tsarin PADI, mutum na iya zana jarrabawar malanta in ya yi wata 6 da karɓar katin farko kuma yana da nutso 100 a rubuce. A tsibirin Koh Tao na Tailan, da Utila a Honduras, da Dahab, akwai makarantun da ke ɗaukar wanda bai san komai ba su mai da shi malami cikin kimanin wata 6 ɗin nan. Nutso 100 a ruwa ɗaya mai ɗumi, mai haske, mara igiya, wani ma na minti 20 ne don a cika lissafi. Irin wannan matashi na iya haddace ƙa'ida tsaf amma bai taɓa ganin idon mai firgici na gaske ba. Ga albashi ƙanƙane, sau da yawa a kan kowane kai ake biyansa, ga shaguna jere da juna kowa na karya farashi. Malamin da ya ce ɗalibi bai isa ba ya jawo wa shago asarar rana da ƙorafin baƙon da jirginsa zai tashi jibi. Ba sai an umarce shi da ha'inci ba, yanayin ne ke tura shi.

Me ke kashe masu nutso? Ƙungiyar DAN, wadda aka kafa a Jami'ar Duke ta Amurka a 1980, ta bi diddigin mace-mace 947 da suka auku tsakanin 1992 da 2003. Daga cikin waɗanda aka gano mafarinsu, kashi 41 cikin 100 ƙarewar iska ce, kashi 20 maƙalewa, kashi 15 matsalar kayan aiki. Abin da ya fi biyo baya shi ne tasowar gaggawa. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu kuma zuciya ce ta buga. Babu kifin shak a sahun gaba, babu wani abin al'ajabi. Ƙarewar iska kuwa, agogo na rataye a jikin mutum, yana farawa daga 200, yana da jan layi a 50, an kuma faɗa masa a ranar farko ya riƙa dubawa. Ya sani sarai, sanin ne bai zama ɗabi'a ba. Masu kare horon zamani na da hujjar cewa masu nutso sun ninka sau da yawa amma mace-mace ba su ninka ba, kuma wannan magana ce mai nauyi. Sai dai mafi yawan sababbin masu kati a bayan jagora suke iyo, shi ke duba musu agogo, shi ke kamo ƙafar wanda ya fara tashi. Katin na cewa masu cin gashin kansu ne, alhali jagora ne ke toshe giɓin.

Inda abin ya fi muni shi ne in an take ko da mafi ƙarancin. A ranar 1 ga Nuwamban 2020 wata yarinya 'yar shekara 18 ta rasu a Tafkin McDonald da ke jihar Montana ta Amurka, tana cikin kwas na mataki na biyu. Ruwan wurin sanyi ne kamar ƙanƙara, don haka ta sa irin rigar da ruwa ba ya shiga, wadda dole a riƙa hura mata iska ta wani bututu yayin sauka, in ba haka ba matsi zai matse ta a jikin mutum. A cewar ƙarar da iyayenta suka shigar, ba a taɓa koya mata amfani da irin rigar ba, ba a haɗa bututun ba, an kuma zuba mata darma kusan kilo 20 a aljihunan da ba a iya zubarwa da sauri, aka shiga ruwa rana na shirin faɗuwa. Wani ɗalibi ɗan'uwanta ne ya bi ta ƙasa yana ƙoƙarin ɗago ta, ya kasa. An sasanta ƙarar daga baya. Duk abin da aka lissafa a nan akwai ƙa'idar da ta hana shi a rubuce.

Sunayen katunan ma na da nasu laifin. Kwas na biyu na PADI, wanda sunansa ke nuna mai shi ya yi nisa, nutso 5 ne kacal, ana iya fara shi washegarin gama na farko. Mai nutso 9 a duniya ya samu izinin mita 30. Iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya mita 40 ce, amma wanda aka yi ta kiransa gwani yakan yarda. Kusa da Dahab akwai wani rami a bakin teku da ake kira Blue Hole, zurfinsa ya haura mita 100, yana da wata ƙofa a wajen mita 55 da ke ɓullewa teku. Duwatsun bakin wurin cike suke da allunan tunawa da waɗanda suka nemi ƙofar da tukunya ɗaya ta iskar yau da kullum, maye ya ɗebe su suka wuce ta. Wanda ya fi shahara a cikinsu, matashi ɗan shekara 22 da ya rasu a Afrilun 2000 da kyamara a kansa, malamin nutso ne.

Akwai masu bin wata hanya. BSAC tsarin kulob take yi, malamai 'yan sa-kai, ɗalibi na koyo mako-mako a cikin ruwan Birtaniya mai sanyi da duhu, tare da mutanen da za su ci gaba da nutso da shi. Wanda ya san shi ne zai zama abokin nutson ɗalibinsa baɗi ba ya gaggawar sa hannu. GUE, wadda masu nutson kogo suka kafa a Florida a 1998, faɗuwa jarrabawa ba abin mamaki ba ne a wurinta, ba ta karɓar mai shan taba, katinta kuma sai an sabunta duk shekara 3 da shaidar ana ci gaba da nutso. Tsada gare su ko cin lokaci, shi ya sa ba su da yawa. Duk da haka ba zan ce wa kowa tambarin da ke kan kati ne abin dubawa ba. Akwai malaman PADI da SSI masu ba ɗalibi kwana shida a kan farashin da ya dace, akwai kuma ragwaye a kowace ƙungiya.

Wanda ya yi niyya zai iya gane shago tun kafin ya jiƙa. Ya tambaya mu nawa ne a hannun malami ɗaya, awa nawa za mu yi a kwami, in ban iya ba a rana ta huɗu me zai faru kuma nawa zan ƙara. Ya nemi ganin malamin da kansa, ya ji shekara nawa ya yi yana koyarwa, ya taɓa hana wani kati. Ya leƙa jirgi ya ga ko akwai tukunyar oksijin ta agajin gaggawa, ya ji ina ne ɗakin matsi mafi kusa. In aka ce gwajin ninƙaya ba dole ba ne, ya kama gabansa. Takardar lafiya kuma kada a bari wani ya ce a rubuta a'a daga sama har ƙasa don a huta da zuwa wurin likita. Asma, ciwon zuciya, hawan jini, farfaɗiya, ciwon suga da juna biyu duk suna ciki. A wurinmu nan akwai ƙarin abu ɗaya: ciwon sikila na cikin cututtukan da likitocin nutso ke ɗauka da haɗari mai tsanani, kuma ma'aikacin shago a Tailan ba lallai ya tuna ya tambaya ba.

Katin yana da wani sharaɗi da ba a cika karantawa ba, cewa izinin ya tsaya ne a irin ruwan da aka horar da kai a ciki ko wanda ya fi shi sauƙi. A Bahar Maliya kana hangen mita 20 ko 30 a gabanka. A Kainji ko Kogin Neja da damina ba ka ganin tafin hannunka, ga ƙarfin ruwa, ga tsofaffin taru da kututture a ƙasa. Wanda ya dawo da katin hutu ya ce zai shiga neman mutane bayan kifewar kwalekwale, gawa zai ƙara. Nutson ceto fanni ne daban. Haka nan matasan da ke hangen aikin nutso a kamfanonin mai na Fatakwal da Warri su sani katin nishaɗi ba ya kai mutum can. Wancan makaranta ce ta watanni, da hular ƙarfe, da iskar da ake turowa daga jirgi, da mai kula a sama, da wani a shirye yana jiran ko-ta-kwana.

Sai lissafin ranar komawa gida. Matsin iskar cikin jirgin sama bai kai na ƙasa ba, saboda haka naitirojin da ya rage a jiki na iya yin kumfa a sama. Shawarar DAN ita ce a jira aƙalla awa 12 bayan nutso ɗaya, awa 18 bayan nutso fiye da ɗaya ko na kwanaki a jere. Ranar ƙarshe ta kwas galibi nutso biyu ake yi. Mai hutun mako guda ya fara kwas ɗinsa tun farkon mako, ya bar kwana ɗaya ko biyu a tsakani, don in malami ya ce a koma kwami a samu ranar komawa.